Gani da Zato a Fim ɗin The Marriage Circle (1924)

The Marriage Circle shi ne fim na biyu da Ernst Lubitsch ya shirya bayan ƙaurarsa daga Jamus zuwa Amurka. Kamfanin Warner Bros. ya fitar da shi a 1924, zamanin da fim bai fara magana ba, aka kuma gina labarin a birnin Biyana bisa wani wasan kwaikwayo na Lothar Schmidt. Akan ce jigonsa cin amanar aure, amma abin da ya fi rinjaye shi ne yadda ido ke yaudarar mai shi.

Tun a fitowar farko Farfesa Stock (Adolphe Menjou) ya tarar da huji a safarsa, durowarsa kusan wayam, ta matarsa Mizzi (Marie Prevost) kuwa maƙil. Mai kallo ya riga ya gane auren nan ya mutu, saura jana'iza. Shi ya sa da Stock ya fara zargin matarsa, murmushi ya yi, ya ɗauki ɗan leƙen asiri ya samo masa hujjar saki.

Gwanintar ta fi fitowa a wurin liyafa. Dakta Franz Braun, don gudun Mizzi da ke farautarsa, ya sauya katunan sunayen da ke kan tebur. Matarsa Charlotte ta gani, ta zaci wata budurwa yake son zama kusa da ita, sai ta mayar da katunan, ta zaunar da aminiyarta Mizzi a gefensa. Ta bai wa kura ajiyar nama da hannunta. Duk abin da Charlotte ta gani ya faru, fassararta ce ta kuskure, kuma daga nan dariyar take tasowa.

Raunin fim ɗin yana ga Mizzi. An ba ta kwarkwasa, an hana ta dalili, alhali sanyin da mijinta yake nuna mata ya isa a tsaya a kansa.

Ƙarshen ma akwai ɗaci a cikinsa. Charlotte ta faɗa wa mijinta gaskiya, cewa abokin aikinsa Gustav ya sumbace ta. Franz bai yarda ba, ya ɗauka ramuwa ce ta ƙirƙira, har ya yi wa Gustav alama ya amsa laifin don ranta ya yi sanyi. A kan wannan suka shirya.