Masu Kafa Dandalin Van Halen

Har gobe masoyan kiɗan rock na dariyar sharaɗin da ƙungiyar Van Halen ta Amurka ta gindaya a rangadinta na 1982: a ajiye musu alewar M&M's, amma a tsince masu ruwan ƙasa kaf. Aka ce iyayi ne kawai.

Ashe gwaji ne. Mawaƙinsu David Lee Roth ya ce in aka tarar da mai ruwan ƙasa, to mai shirya wasan bai karanta yarjejeniyar da kyau ba, sai a sake duba wutar lantarki da ƙarfin dandali.

Ma'aikatan da ke irin wannan dubawar sun cancanci jinjina. Su ke sauke kaya daga tireloli, su ɗaure manyan fitilu saman kawunan dubban jama'a, su kwance komai da tsakar dare, su nufi gari na gaba.