Jinjina ga Masu Kula da Hanyar Keke ta Shimanami

Yabon gwani ya zama dole, kuma masu kula da hanyar keke ta Shimanami Kaido a ƙasar Japan gwanaye ne. Hanyar da aka buɗe a 1999 ta taso daga garin Onomichi zuwa Imabari, kusan kilomita 70, ta ratsa tsibirai shida a cikin teku ta kan gadoji.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tuna da baƙo. Sun ja shuɗin layi a gefen titi, wanda duk ya bi shi ba zai ɓata ba, ko da bai iya karatun Japananci ba. Hawan gadoji kuwa an yi shi da lanƙwasa a hankali, har dattijo da yaro su hau ba tare da haki ba. Ka yi hayar keke a wani gari, ka mayar a wani.

A tsibirin Ikuchijima za ka wuce gonakin lemun tsami, masu shaguna a ƙauyuka kuma sun tanadi famfon iska da ruwan sha don matafiya.

Wannan shi ne karrama baƙo a aikace.