Manhaja Ba Ta Sayen Baƙin Mai

Masu otal da masu gidajen saukar baƙi na kwana-kwana a Abuja, Kano da Kaduna sun shiga sabon yayi. Kowa na neman manhajar da za ta riƙe masa lissafin shara da gyara, ta riƙa tuna wa ma'aikata abin da ya kamata su yi ba sai manaja ya ɗaga murya ba. Masu tallar manhajojin kuwa suna da zaƙin baki. In ka saurare su sai ka ɗauka daga ranar da ka biya kuɗin rajista, famfo ya daina zuba, janareta ya daina tari, zanin gado kuma zai riƙa wanke kansa.

Ina goyon bayan wannan yayi, amma ba don dalilin da ake tallata shi ba.

Yadda abin yake aiki ba wani siddabaru ba ne. Baƙo ya kama ɗaki ta Booking.com ko Airbnb, ko ya biya a teburin karɓar baƙi, sai kwanakinsa su shiga kalandar manhajar. Ranar da zai tashi, da ya miƙa makulli, ɗakin ya koma ja a allon manaja, saƙo kuma ya faɗa wayar mai gyaran ɗaki: a cire zanin gado da rigar filo, a wanke banɗaki, a sa sabon tawul da sabulu, a duba ko talabijin da na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Ta gama ta ɗauki hoto ta tura, mai dubawa ya leƙa, ɗaki ya koma kore, a ba wani baƙon. Tsakanin sha biyun rana da ake sallamar baƙi da ƙarfe biyu ko uku da sababbi ke shigowa, wannan tsari na rage gudu da kiraye-kirayen waya ƙwarai. Sai kuma ayyukan da ba su da alaƙa da fitar baƙo, waɗanda ake saita su sau ɗaya su riƙa dawowa da kansu: feshin kyankyasai da kuɗin cizo, juya katifa, wanke tankin ruwa, duba tukwanen kashe gobara, kwashe sokawe.

Manyan otal sun daɗe da wannan. Gida kamar Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987 kuma yake da ɗakuna sama da 600, ba yadda za a yi a tafiyar da shi da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Harkar ta yi girman da a 2014 kamfanin Oracle ya sayi MICROS, masu manhajar otal ta OPERA, a kan dala biliyan 5.3. Abin da ya canza shi ne bayan zuwan Airbnb a 2008, mai gida uku ko huɗu shi ma ya zama ɗan ƙaramin mai otal, sai kamfanoni irin su Guesty da Hostaway da Breezeway suka kawo masa irin wannan tsari a cikin wayarsa.

Inda manhaja ta fi mutum, babu gardama, shi ne aikin da ido ba ya gani. Datti a ƙasa kowa zai gani ya share. Ruwan da ya kwana uku ko mako biyu a bututun ɗakin da ba a kama ba, wa zai tuna da shi? A watan Yulin 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke Filadelfiya. Suna komawa gida sai ciwon huhu ya kwantar da kusan mutum 200, kimanin 30 suka mutu. Sai a farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Legionella, aka kuma danganta yaɗuwarta da ruwan na'urorin sanyaya ginin. Otal ɗin bai kai ƙarshen 1976 a buɗe ba. Wannan ƙwaya ta fi hayayyafa a ruwan da ke tsaye, mai ɗumin digiri 20 zuwa 45, mutum kuma kan shaƙe ta ne cikin feshin ruwa, kamar na shawa. Yanzu ka tuna da baƙin tankin roba da ke saman benen masaukinka a watan Afrilu. Shi ya sa masana ke cewa famfon da ba a cika amfani da shi ba a riƙa buɗe shi duk mako ruwa ya gudana. Aikin minti kaɗan ne, ba ya cin ko kwabo, kuma ba manajan da zai riƙe shi a ka har shekara ta zagayo. Manhaja za ta riƙe.

To amma a faɗi gaskiya, mantuwa ce ke kashe gine-ginenmu? Mu da iyayenmu suka san cewa kafin damina ta sauka sai an yaɓe soro, an gyara indararo, an bi katanga da makuba, ba tare da wata na'ura ta buga musu ƙararrawa ba? Sanin lokacin gyara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin otal ya san yadda zancen ke gudana.

Manaja ya shiga ofis ya rusuna: “Ranka ya daɗe, babban janareta ya cika awanninsa. Bakanike ya ce a kawo baƙin mai da filta.”

“Ya tsaya ne?”

“A'a, yana aiki, Alhaji.”

“To a lallaɓa zuwa ƙarshen wata.”

Ƙarshen wata ya zo, albashi ya cinye abin da aka tara, a sake lallaɓawa. Ranar da injin ya buga, daren Juma'a, gida cike da 'yan biki, wanda za a kira a zage shi ne yaron da ke tayar da janareta. Ba wanda ya manta da komai a wannan labari. An tuna, an faɗa, kuɗi ne ba su fito ba.

Ba na cewa masu otal mugaye ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, dizal kuma ya haye naira dubu a kan lita, sannan a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit, mai masauki na kwana yana lissafi. Abin da bai lalace ba tukuna shi ne abu na farko da ake ɗagewa. Sai dai a irin wannan gida, idan ka kawo manhaja ka ɗora a kan tsohon hali, abin da za ka samu ya fi rashinta muni. Saƙo zai zo cewa a canza filta. Babu filta a sito. Manaja ba ya son allonsa ya yi ja maigida ya gani, don haka sai a danna “an yi”. Bayan wata shida kana da kyakkyawan tarihi, kore shar, na gyare-gyaren da ba a taɓa yi ba. A da aƙalla kowa ya san ba a yi ba. Yanzu maigida na Dubai yana duba wayarsa yana murmushi. Hoton ma ba hujja ba ce sosai, don banɗaki mai tsabta na ɗaki na biyar da na ɗaki na tara duk kamarsu ɗaya.

Akwai kuma matsalar kalanda. Yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, kuma abin da suka fi sauƙin saitawa shi ne “duk mako”, “duk wata”, “duk wata uku”. Janareta bai san wata ba, awa ya sani. Ƙa'idar da bakanikanmu suka fi bi ita ce canza baƙin mai bayan awa 250. Injin da ke aiki awa 12 a rana zai cinye wannan cikin mako uku. Wanda ke yin awa uku kacal sai ya kusa wata uku. Ka ga “duk wata” ta cuci na farko, ta yi wa na biyu ɓarnar kuɗi. Dole wani ya riƙa karanta agogon da ke jikin injin kullum yana shigarwa, ko a nemi manhajar da ke ƙirga awa. Haka ragar tace ƙura ta na'urar sanyaya ɗaki. Wadda za ta yi wata guda lafiya lau a Agusta, a tsakiyar hunturu kwana goma sun isa ta toshe, ɗaki ya ƙi sanyi, na'ura ta riƙa shan wuta a banza. Kwata da magudanan rufi kuwa a Afrilu da farkon Mayu ake bin su, kafin ruwan farko, ba ranar da lissafin “wata uku” ya faɗo ba. Duk wannan ana iya saita shi. Amma wanda zai saita ba yaron da ya zo daga kamfani da kwamfuta a jaka ba ne. Tsohon bakaniken gidan ne, da mai gyaran famfo, da matar da ta shekara goma tana gyaran ɗakuna, wadda ta san wane ɗaki ne ke tsatsafo da damina kuma wace taga ce ke shigo da ƙura. Sau nawa ake zaunar da su a tambaye su kafin a saita? Galibi sai dai a kira su a nuna musu inda za su danna.

Kuma da yawansu dannawar ma wahala ce. Manhajar da Turanci take magana, mai aikin kuma ƙaramar waya gare ta mai madannai, ko kuma tana da babbar amma datar daga aljihunta. Na ga wuraren da a ƙarshe komai ya koma saƙon murya a WhatsApp, manaja shi kaɗai ke shiga manhajar da daddare ya cike gurabe. In maigida na son ma'aikata su yi amfani da ita, ya saya wa gidan waya, ya sa data, a rubuta jerin ayyukan da Hausa, a haɗa da hotuna. Abin da na fi ƙi shi ne agogon da wasu ke kunnawa a kan mai shara. An ce ɗaki rabin awa ne, to, ɗakin da matafiyi ɗaya ya kwana ya tashi da asuba da wanda iyali suka yi kwana huɗu da yara suna cin tuwo a kan gado ba aiki ɗaya ba ne. Wanda aka matsa wa da minti zai gyara abin da kyamara ke gani, ya bar ƙarƙashin gado.

Duk da haka na ce ina goyon baya, kuma dalilina shi ne rubutu. A gidajen da ake aiki da baki, gaskiyar ƙaramin ma'aikaci ba ta da shaida. Manhajar da aka saita da gaskiya tana rubuta cewa ranar kaza, ƙarfe kaza, mai gyaran ɗaki ta ba da rahoton soket na ƙauri a ɗaki na bakwai. An tura wa manaja. Manaja ya nemi kuɗi. Buƙatar ta kwana 19 a teburin maigida. Ranar da abu ya faru, ba sai an nemi wanda ya fi kowa rauni an ɗora masa ba. Wannan ne amfanin da masu talla ba sa faɗa wa Alhaji, don sun san ba zai sa shi saurin sa hannu ba. Sharaɗin kawai shi ne a bar wa ma'aikaci damar danna “ba a yi ba, babu kaya” ba tare da an zaftare masa albashi ba, kuma duk aikin da ya wuce wa'adinsa ya hau har wayar mai gidan, ba ya tsaya a kan manaja ba.

Mai ɗaki shida ko takwas kuma kada ya ruɗu. Yawancin waɗannan manhajoji da dala ake biyansu duk wata, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kalandar Google da littafi mai bango a ɗakin janareta, wanda ake sa hannu kullum, za su yi masa kusan duk abin da yake buƙata. Kuɗin rajistar ya sayi filta da su.

Wanda gidansa ya yi girman da dole sai da manhaja, ina roƙonsa abu ɗaya kafin ya biya: ya ware kuɗin gyara daga cinikin kowane wata, ya sa a asusu na daban, ya ba manaja ikon taɓawa ba sai an jira shi ya dawo daga tafiya ba. In ba zai iya wannan ba, ya riƙe kuɗinsa, gidansa bai shirya wa manhaja ba.