Wai Waƙa Magani Ce? Tsokaci a kan Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi

Duk wanda ya daɗe yana koyar da adabi ya saba jin wata magana mai daɗin faɗi, wai waƙa ita ce maganin cututtukan zamani. Ni ma na sha faɗar ta a aji nan Madarunfa, a darasin Hausa da na Faransanci, har ranar da wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: “Mushe, wace cuta ce ta taɓa warkarwa?” Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa ban sami amsar da ta gamsar da ni ba, balle shi.

Tambayar ba ta banza ba ce, domin kuwa marubuta waƙoƙinmu sun daɗe suna ɗaukar kansu a matsayin masu ba al'umma magani. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara ta hannun ƴan taru, kuma daga cikin abin da take so ta raba su da shi har da bori, wanda shi ma magani yake iƙirarin bayarwa. Mu mutanen ƙasar Maraɗi mun san cewa wannan takara ba ta ƙare a zamaninta ba.

A ƙarni na 20 babu wanda ya riƙe wannan matsayi kamar Malam Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta da ya rasu a 1958. Waƙoƙinsa na “Giya” da “Karuwa” sun yi kama da aikin likita mai duba marar lafiya: ya faɗi sunan ciwo, ya lissafa alamominsa, ya nuna inda zai kai mai shi. Harshensa kaifi gare shi, hotunan da yake zanawa kuma ba su fita daga zuciya. Sai dai fa in magani ake nufi, dole mu faɗi gaskiya. Fiye da shekara sittin ke nan ana karanta “Giya” a makarantu, ga shi yau abin da ke cin samarinmu ya wuce giya, ya koma ƙwayar tiramol da ɗan kabu-kabu ke haɗiya don ya iya wuni bisa hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Aibin irin wannan waƙa, a ganina, shi ne tana magana a kan mashayi, ba da shi take magana ba. Mai jin daɗinta shi ne wanda bai taɓa sha ba, yana saurare yana gyaɗa kai yana gode wa Allah da bai yi shi haka ba. Shi kuwa mai ciwon, in ma ya ji, kunya kawai aka ƙara masa, kuma kunya tana daga cikin abin da ke mayar da mutum ga kwalba.

Dubi bambancin da ke tsakaninta da Waƙoƙin Imfiraji na Alhaji Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya rasu a 1990. Kalmar imfiraji kanta daga Larabci take, ma'anarta yayewar ƙunci. Namangi ma yana wa'azi, yana tsoratarwa da mutuwa da kwanciyar kabari, wani lokacin har ya fi Mu'azu tsanani. Amma mai sauraro ya san muryar da ke yi masa magana ta wanda aka jarraba ce, ba ta wanda ke tsaye a bakin rijiya yana leƙen wanda ya faɗa ba. Shi ya sa waƙar ba ta tsaya cikin littafi ba. Makafi da almajirai ne suka ɗauke ta a ka, suka ƙetaro da ita iyaka ba tare da takarda ba, suna rera ta a tashoshin mota da ƙofar masallatai. Ni kaina a bakin wata makauniya na fara jin ta a kasuwar Maraɗi, tun ban san tana da marubuci ba.

A ajin Faransanci nakan haɗu da wannan al'amari ta wata fuska. Baudelaire, wanda ya fitar da Les Fleurs du mal a 1857, ya sa wa ƙuncin mutumin birni suna, ya siffanta shi ciki da waje, bai kuma yi alkawarin warkar da kowa ba. Ɗalibaina, waɗanda ba su taɓa ganin Paris ba, sukan yi tsit in mun karanta shi, abin da ba su yi wa darasin nahawu.

To, me waƙa ke yi ke nan? Abu na farko da na lura da shi yana cikin karinta da amsa-amonta. Yaron da ya saba yatsarsa na gudu bisa gilashin salula, yana tsallake hoto kafin ya gama ganinsa, ba ya iya yi wa baiti haka. Dole ya ja numfashi inda kari ya ce a ja, ya jira amsa-amo ya dawo, in kuwa haddacewa zai yi sai ya maimaita har sau goma. Minti ashirin na irin wannan natsuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda hankalinsa ke a watse tun safe.

Na biyun ya fi nauyi. Tun wajen 2019 ƙauyukanmu na bakin iyaka ke fama da ƴan bindiga masu satar mutane da dabbobi. Wata ɗalibata ta yi kusan wata biyu ba ta zo lakwal ba, bayan an ɗauke mahaifinta. Da ta dawo ba ta magana da kowa, mu ma ba mu san abin da za mu ce mata ba, ban da “sai haƙuri”. Ranar da muka zo kan Imfiraji na sa aji ya rera tare, kamar yadda ake rera ta a titi, sai na ji muryarta cikin sauran, a hankali. Waƙar ba ta biya kuɗin fansa ba, dangi ne suka sayar da gona da shanu suka biya. Bayan an tashi ta tsaya ta roƙi in ara mata littafin, ta riƙe shi har ƙarshen shekara, ta maido shi bangonsa ya tsufa.

Wanda ya yi mini tambayar tun farko ya bar karatu kafin jarrabawar BEPC, yanzu kabu-kabu yake yi. Mukan gaisa a bakin tabki, kuma har yau in ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce yana nan yana jiran amsarsa.