Korewa a Bakin Na'ura: Tsokaci a kan FloodNet

A darasin korewa mun bambanta "babu" da "na ƙi". Ta farko rashin abu take bayyanawa, ta biyu kuwa akwai mai magana a bayanta wanda ya ɗauki matsayi. Ɗalibanmu na Garwa da Mayo-Oulo, da suka tashi da "walaa" ta Fulatanci tare da "babu" ta Hausa, sun san wannan tun daga gida. Aikin fasahar da za mu duba a kan wannan bambanci ya ginu.

FloodNet manhajar kwamfuta ce da ƙungiyar masu fasaha ta Electronic Disturbance Theater, su Ricardo Dominguez, ta fitar a 1998, bayan kisan mutum 45 a ƙauyen Acteal da ke jihar Chiapas ta ƙasar Meziko a Disamba 1997. Duk wanda ya buɗe ta, sai kwamfutarsa ta riƙa kiran shafin intanet na Shugaba Ernesto Zedillo ba ƙaƙƙautawa har shafin ya yi nauyi. Wannan zaman dirshan ne kawai, kuma a ganina ba nan gwanintar take ba.

Gwanintar ita ce an ba mai amfani da manhajar damar neman shafin da babu shi, ya raɗa masa suna "haƙƙin ɗan'adam", ko sunan wani da aka kashe. Na'urar gwamnati ba ta da zaɓi, tilas ta amsa cewa ba a sami haƙƙin ɗan'adam a nan ba, ta kuma adana amsar a kundinta. Ke nan masu fasahar ba su ce "mun ƙi" ba, sun sa abokin hamayya ya furta "babu" da bakinsa. A wurin na'ura jimlar bayani ce kurum, a kunnen mutum kuwa tuhuma ce. Bahaushe zai kira wannan gugar zana.

Sai dai aikin yana da rauni. Gugar zana tana bukatar 'yan sauraro, alhali wannan kundi ma'aikatan na'urar ne kaɗai ke karanta shi. Sannan dole a sami na'urar da za ta amsa. A 2017, lokacin da gwamnatin Kamaru ta yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma daga Janairu zuwa Afrilu, mutanen can ba su da hanyar kiran kowane shafi, balle su tilasta masa cewa "babu".