Wai Voulet mahaukaci ne? Duba ga fim ɗin African Apocalypse

Fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin, wanda ya fito a 2020, ya bi sawun Kaftin Paul Voulet a garuruwan da ya ratsa da wuta a 1899. Ƙarfin fim ɗin yana bakin mutanen ƙauyuka, masu faɗin abin da kakanninsu suka gani. Nan kam ba ja. Inda muke da magana shi ne yadda mai jan labarin, Femi Nylander, yake ta auna Voulet da Kurtz, Baturen nan na littafin Joseph Conrad da daji ya juya wa ƙwaƙwalwa.

To ai hauka ita ce hujjar da Faransa kanta ta fake da ita. Da aka rufe bincike a 1902, cewa aka yi wai zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa shi. In muka karɓi Kurtz, mun karɓi wannan uzurin ke nan ba mu sani ba.

Ku dubi aikinsa na soja. Hafsa ne a rundunar sojan ƙasa da Faransa ke turawa cin ƙasashe. A 1896, yana laftanan, ya ci Wagadugu, ya sa mata wuta, sarkin Mosi ya gudu. Me Paris ta yi? Ta ƙara masa girma, a 1898 ta damƙa masa ayarin zuwa Tafkin Cadi, tare da Julien Chanoine, ɗan janar. Guzurin da aka ba su bai kai ko'ina ba, don haka abinci da ƴan dako sai an ƙwato a hanya. Wanda ya tsara tafiya haka ya san wa zai biya kuɗinta: mutanen Lugu, garin Sarauniya, a Afrilu, da na Birnin Ƙonni a Mayu.

Voulet bai zama cikakken mai laifi a idon Paris ba sai ranar 14 ga Yuli 1899, da ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, kusa da Tasawa. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka kashe Chanoine, sannan shi. Kaburburansu na nan Maijirgi. Ayarin fa? Pallier ya ja shi ya ci Damagaram a ƙarshen watan, daga baya Joalland da Meynier suka isa Cadi. Faransa ta tsine wa mutumin, ta riƙe ƙasar.

Ku kalli fim ɗin, ya cancanta. Amma ƴan'uwa masu alƙalami, in za mu rubuta 1899, mu rubuta Voulet da galarsa a kafaɗa, da albashinsa, da takardar umarnin da aka sa wa hannu a ofis. Mahaukaci ba a kai shi gaban alƙali. Ma'aikaci kuwa, ana tambaya wa ya aiko shi.