Ginin da Bai Ɗaga Murya Ba: Tsohon Cocin Metodis na Brick Lane

A gabashin birnin Landan akwai wani gajeren titi mai suna Fournier, wanda ɗakunan ibada biyu suka tsare bakinsa na yamma da na gabas. A yamma akwai Christ Church, cocin farin dutse da Nicholas Hawksmoor ya zana, aka kammala a 1729. Tsininsa ya soki sama, ginshiƙansa kuwa sai mutum ya ɗaga kai kafin ya ga ƙarshensu. Hukuma ce ta gina shi domin ta nuna wa baƙin unguwar cewa Cocin Ingila ne mai ƙasa. A gabas, inda titin ya haɗu da Brick Lane, akwai wani gini na bulo mai kusurwa huɗu, wanda mai wucewa zai iya ɗauka makaranta ce ko ɗakin taro. Masu nazarin gine-gine sun fi zuba tawada a kan na farko. Ni kuwa na biyun nake ganin ya fi cancantar a tsaya a kansa.

An gina shi a 1743. Masu shi na farko Furotestan Faransa ne, 'yan Huganot, waɗanda suka tsere bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini a 1685. Da yawansu masaƙan alharini ne. A 1819 ginin ya koma hannun mabiya ɗariƙar Metodis, suka yi ibada a cikinsa shekaru masu yawa. A ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai suka mai da shi majami'arsu, sannan a 1976 Musulmi 'yan asalin Bangaladash, galibi daga yankin Silet, suka buɗe shi a matsayin masallacin Juma'a.

Akan ba da wannan tarihi kamar sa'a ce kawai ta raya ginin. Ina ganin sirrin yana cikin zanen kansa. Duba fuskarsa ta titin Fournier: jeri biyu na tagogi, na sama dogaye masu lanƙwasasshen kai, sai goshi mai kusurwa uku a bisa, a tsakiyarsa agogon rana mai ɗauke da shekarar ginin da gajeren rubutun Latin da ke kwatanta ɗan Adam da inuwa. Babu gicciye, babu mutum-mutumi, babu hasumiyar ƙararrawa. Ba rowa ce ta jawo haka ba, aƙida ce. Ga 'yan Huganot, kamar yadda yake ga almajiran John Wesley da suka gaje su, zuciyar ibada ita ce wa'azi. Saboda haka abin da suke bukata shi ne ɗaki mai faɗi, mai haske, da mumbari a inda kowa zai ga mai magana, da benaye kewaye da bango domin a kusanto da jama'a ga muryarsa. Gini ne da aka yi wa kunne kafin ido. Shi ya sa 'yan Metodis suka same shi tamkar rigar da aka ɗinka da awonsu, duk da cewa an aza tubalinsa tun ɗariƙarsu tana jaririya.

Ɗakin da aka tsara domin a ji kalma, aka kuma tsarkake shi daga siffofi, ba ya wahalar da Bayahude mai karatun Attaura, ba ya kuma wahalar da limami mai huɗuba. Cocin Hawksmoor ba zai taɓa zama wani abu ba face coci, domin kowane dutse a jikinsa ya riga ya yi rantsuwa. Maƙwabcinsa bai faɗi komai da ƙarfi ba, don haka kowane sabon mai shi bai sami abin da zai ƙaryata ba.

Amma kada a zaci sauyin bai ci komai ba. A shekarun 1980 an sake fasalin cikin ginin, aka cire tsofaffin benayen katako, aka shimfiɗa sabon hawa domin masallata. Mai kishin kayan tarihi yana da hujjar yin baƙin ciki, domin waɗannan benaye su ne shaidar da ta fi bayyana yadda aka yi ibadar wa'azi a wurin. Sai dai benci da bene mai gangara an yi su ne domin mai zama ya saurara, salla kuwa tana bukatar ƙasa shimfiɗaɗɗiya da goshi zai taɓa. Ga kuma alƙibla: daga Landan kudu maso gabas take, bangon ginin kuwa layin tituna ya bi, dole sahu ya karkace a cikin ɗaki mai kusurwa huɗu. Hukuma ta sa ginin cikin jerin waɗanda doka ta kare, to amma me take karewa, katakon ko taron? Da an nace sai an bar benayen, da wataƙila yau muna da ɗaki cikakke wanda ba mai shiga sai ɗan yawon buɗe ido. Na yarda an yi asara, kuma na yarda da yin ta.

Inda nake da ja shi ne hasumiyar ƙarfe mai ƙyalli, mai tsawon kimanin mita 29 da jinjirin wata a ƙoli, wadda aka kafa a 2009. Na yaba da abu guda: an tsayar da ita a gefe, ba a kan tsohon rufin ba, ta yadda za a iya kawar da ita ba tare da an ɓantare bulo ko ɗaya ba. Na kuma fahimci al'ummar da ta sha tsangwamar masu wariyar launin fata a wannan titi a shekarun 1970, in ta so a hango ta daga nesa. Duk da haka, a karon farko cikin shekara fiye da 260, an sa wa ginin alamar da ke shelar mai shi, wato an ara masa harshen Hawksmoor. Da dare, idan fitilun hasumiyar suka kama, ita ido ke bi har sama, agogon ranar da ke goshin ginin kuwa yana cikin duhu a ɗaya kusurwar.